Yadda ake gane shekarun bushiyar teku, mataki-mataki

Tun da na fara bayani kan bushiyar teku, dabbar nan mai ƙoƙo da ƙayoyi da ke zaune a ƙasan teku, tambaya ɗaya ce take ta dawowa: idan na riƙe guda a hannuna, ta yaya zan san shekarunta? Wasu masu tambayar ɗalibai ne da aka ɗora wa aikin bincike, wasu masu kiwonta ne, wasu kuwa sun ji an ce akwai mai shekara sama da 100, suna so su san ta inda aka ƙirga. Ga amsar tun daga farko, don kada a sha wahalar banza: girman jikinta ba ya faɗin shekarunta, layukan da ke cikin ƙoƙonta ma ba shekaru ba ne sai an tabbatar. Aikin yana da tsari, kuma wanda ya tsallake mataki ɗaya zai samu adadi mai kyan gani amma na ƙarya.

1. San inda girman yake shiga

Ba za ka iya zaɓar ɓangaren da za ka duba ba sai ka san yadda dabbar ke ƙaruwa. Bushiyar teku tana fara rayuwa a matsayin 'yar mitsitsiyar tsutsa mai shawagi a ruwa na makonni, wani lokaci watanni, sannan ta sauka ƙasa ta rikiɗe, faɗinta bai wuce rabin milimita ba. Daga nan ba ta saɓa kamar ƙaguwa. Ƙoƙon da ta fara da shi, da shi za ta mutu.

Wannan ƙoƙo ba dunƙule ɗaya ba ne. Ƙananan alluna ne na sinadarin alli da aka jera sahu 20, daga baki da ke ƙasa zuwa dubura da ke sama. Sahu 10 suna da 'yan hudoji inda ƙafafunta masu kama da bututu ke fitowa, sauran 10 ba su da su kuma sun fi faɗi. Girma yana zuwa ta hanya biyu a lokaci guda: kowane allo yana ƙara faɗi ta gefunansa, sannan ana haifar sababbin alluna a can sama kusa da dubura, suna tura tsofaffin ƙasa. Ma'ana, allon da ke kusa da baki ya girmi wanda ke sama nesa ba kusa ba. Riƙe wannan, don a kansa mutane da yawa ke faɗuwa a mataki na 8.

A cikin bakin akwai abin tauna da ake kira fitilar Aristotal: muƙamuƙai biyar, kowanne ɓari biyu ne manne da juna, da haƙori ɗaya a tsakiya. Muƙamuƙin nan shi ne abokin aikinka na gaske.

Hattara: bushiyar teku tana iya tsayawa cik ba ta ƙaru ba idan abinci ya yi ƙaranci, wasu ma ƙoƙonsu na ɗan raguwa. An ga haka a baƙar bushiya mai dogayen ƙayoyi ta tekun Karebiyan, wato *Diadema antillarum*. Don haka guda biyu masu faɗi ɗaya, ɗaya na iya ninka ɗaya a shekaru.

2. Tantance jinsi, sannan ka zaɓi hanya

Kafin ka sayi ko sirinji ɗaya, tabbatar da sunan jinsin da ke gabanka. *Lytechinus variegatus* ba ta cika wuce shekara 4 ba. *Strongylocentrotus purpuratus*, mai launin shunayya ta gaɓar yammacin Amurka, tana haura 50. Jar bushiya ta wannan gaɓar, *Mesocentrotus franciscanus*, tana haura 100. Hanyar da za ta wadatar da ta farko ba za ta kai ko'ina da ta uku ba.

Hanyoyin huɗu ne, kuma tsadarsu ta bambanta ƙwarai. Auna faɗin jama'a da yawa shi ne mafi araha, ma'auni da littafi kawai yake ci, amma ƙanana kaɗai yake yi wa amfani. Ƙirga layuka yana bukatar madubin ƙara girma da 'yan kwanaki a ɗakin gwaje-gwaje. Sa alama da sinadari shi ne mai cin lokaci: shekara guda cur ta jira, fita teku aƙalla sau biyu, da madubi mai fitila ta musamman. A nan kuɗin jirgin ruwa da na masu nutso ne ke cinye kasafin, ba sinadarin ba. Gwajin kabon-14 (wani nau'in sinadarin kabon da ake gano shekarun abu da shi) kuwa ana biyan kuɗinsa ne kan kowane ɗan samfur, kuma cibiyoyi ƙalilan ne ke yin sa.

Shawarata: idan abu ɗaya za ka iya biya, biya na sa alama. Sauran duk a kansa suke jingina.

3. Haɗa kayan aiki

- Ma'aunin kalifa mai siririn baki, wanda ke karanta kashi ɗaya cikin goma na milimita
- Safar hannu mai kauri, da tabarau na kariya
- Almakashi mai ƙarfi da matsefata
- Ruwan bilic na wanki, wanda ƙarfinsa ke kusan kashi 5 cikin 100
- Ƙananan kwalabe masu murfi, ɗaya ga kowace dabba
- Takardar da ruwa ba ya ci, da fensir
- Samfefa mai laushi sosai
- Tanderun ɗakin gwaje-gwaje ko fitilar sifirit
- Zailin (ruwan sinadari mai narkar da abubuwa), ko farin mai marar launi
- Madubin ƙara girma mai ido biyu, da ma'auni a cikin idonsa
- Don sa alama: tetirasaikilin (maganin ƙwayoyin cuta) ko kalsin (rini mai ƙyalli), sirinji mai siririyar allura, da fitilar ultirabayolet ko shuɗin haske

Nemi izinin kamu daga hukumar da ke kula da wannan ruwan tun kafin ranar fita. A wurare da dama akwai ƙa'idar girman da aka yarda a ɗauka, kai kuma aikinka na bukatar ƙanana.

4. Tattara, ka auna

Ka shata wuri mai iyaka sananniya, misali murabba'in mita ɗaya-ɗaya a jere, ka kwashe duk wadda ke ciki. Duk, ba waɗanda ido ya fara gani ba. Ɗaga duwatsu, leƙa ramuka. 'Ya'yan jar bushiya suna ɓuya ne a ƙarƙashin ƙayoyin manya, sai ka ɗaga babbar za ka gan su. Mai nutso da ya gaji yakan kwaso manya ya bar ƙanana, daga nan kuwa lissafi ya karkace ba ka sani ba.

Wajen ɓamɓarowa daga dutse, zura abu mai faɗi ta ƙasa ka ɗaga a hankali. Wadda ƙoƙonta ya tsage ta fita daga sahun waɗanda za a mayar.

Auna faɗin ƙoƙo a inda ya fi faɗi, bakin kalifa ya ratsa tsakanin ƙayoyi ya taɓa ƙoƙon kansa. Auna sau biyu, na biyun a gicciye. Jinsin *Echinometra* ba kewayayye ba ne, ya ɗan yi tsawo kamar ƙwai, don haka rubuta tsawo da faɗi daban. Auna tsayi ma daga baki zuwa sama.

Gargaɗi: kada ka saka tsawon ƙaya cikin awo. Ƙaya tana karyewa ta sake tsirowa, kuma zobban da ake gani idan an yanka ƙayar wasu jinsuna ba na shekara ba ne. Sannan ƙayar *Diadema* tana shiga fata ta karye a ciki, ita kuwa *Toxopneustes pileolus*, mai kama da fure, dafi gare ta mai haɗari. Ba a taɓa ta da hannu tsirara.

5. Zana jadawalin girma

Idan ka auna 'yan ɗaruruwa, raba su rukuni-rukuni da tazarar milimita 2, ka zana yawan kowane rukuni. Za ka ga tudu-tudu a ɓangaren ƙanana. Kowane tudu yawanci 'yan shekara ɗaya ne. Ka koma bayan wata uku, da shida, da shekara, ka ga yadda tudun ke matsawa. Wannan matsawar ita ce saurin girmansu. Daga tudu na biyu ko na uku komai ya cakuɗe ya zama tsauni ɗaya, a cikinsa akwai 'yar shekara 8 da 'yar shekara 40 kafaɗa da kafaɗa. Kada ka matsa wa jadawalin ya ba ka abin da ba shi da shi.

6. Feɗe, ka wanke

Wadda za a ƙirga layukanta dole a kashe ta, don haka ɗauki iya bukata. Ajiye su a firiza idan ba ranar za ka yi aikin ba. Yanka tattausar fatar da ta kewaye baki, zaro fitilar Aristotal gaba ɗaya, zubar da kayan ciki, sannan ka raba ƙoƙon gida biyu da almakashi.

Saka ƙoƙo da fitilar kowace dabba a kwalbarta, zuba bilic da aka sirka da ruwa har ya rufe su. Cikin 'yan awanni naman zai narke, ƙayoyi su zube, fitilar ta warware zuwa sassanta. Leƙa akai-akai. Da zarar ƙashin ya fito tas, tsame shi, ɗauraye, jiƙa a ruwa mai kyau ya kwana kana sauya ruwan, sannan ka shanya a inuwa ko a tanderu mai zafin digiri 60 na Selshiyos.

A nan na taɓa tafka kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Na rubuta lambobin samfura da biro a 'yan takardu na jefa cikin kwalaben, na tafi na bar su a bilic mai ƙarfi har washegari. Da na dawo takardun sun yi fari fat, allunan kuma sun rabu sun zube a gindin kwalba kamar fasasshen tangaran, ba a san na sama ba balle na ƙasa. Aikin mako biyu ya tafi. Tun daga ranar, fensir nake amfani da shi, lamba a ciki, lamba a jikin murfi, kuma kafin ƙoƙo ya shiga bilic nakan yanke sahu ɗaya in ware shi don in san jerin allunansa.

Gargaɗi: kada bilic ya haɗu da asid ko wane iri, yana fitar da iskar kulorin mai guba. Asid kuma yana cinye ƙashin kansa, tunda alli ne. Saboda wannan dalili, samfurin da aka daɗe da ajiyewa a fomalin (ruwan adana samfura) da ba a daidaita tsaminsa ba yakan zo da fuska a zaizaye.

7. Gasa, ka goge

Layukan ba sa fitowa sosai a ɗanyen allo. Dabarar da aka saba, wadda wata mai bincike mai suna Jensen ta bayyana a 1969, ita ce a ɗan babbaka allon sannan a jiƙa shi da ruwan da zai sa haske ya ratsa shi.

Kafin wuta, raba kayanka. Jikin bushiyar teku kashi biyar ne masu kama da juna, don haka duk abin da kake bukata kana da shi sau biyar. Ɗauki sahu ɗaya ko biyu don gasawa, adana sauran. Idan dabbar mai alama ce, wannan rabon wajibi ne, domin zafi yana kashe alamar.

Sa allunan a tanderu mai zafin kusan digiri 300, ko ka riƙe ɗaya-ɗaya da matsefata a saman harshen fitilar sifirit. Mintoci kaɗan ne. Abin da kake nema launin ƙasa-ƙasa ne. Idan ya yi baƙi ƙirin ka wuce, idan ya koma fari yana marmashewa ka ƙone shi gaba ɗaya. Fara gwadawa da allunan da ba ka damu da su ba, domin kowane jinsi da kaurinsa.

Bayan ya huce, ɗora fuskar waje a kan jiƙaƙƙiyar samfefa, ka goga da ɗan yatsa a kewaye har ƙurajen da ƙayoyi ke zama a kansu su baje. Goga kaɗan, duba, goga kaɗan, duba. Gefen allon shi ne mafi rauni, kuma a can shekarun baya-bayan nan suke. Idan ka cinye gefe ka cinye amsar. Daga nan ɗiga zailin ko mai, ka kai ƙarƙashin madubi.

Hattara: zailin yana kama wuta kuma shaƙarsa na cutarwa. Kashe fitilar sifirit kafin ka buɗe kwalbarsa, ka yi aiki inda iska ke fita.

8. Ƙirga layuka

Idan hasken yana zuwa daga sama, za ka ga zobba masu bin siffar allon, fari mai faɗi sai duhu siriri, fari sai duhu. Farin na lokacin saurin girma ne, duhun na lokacin da girma ya ja baya. Idan ka haska ta ƙasa sai launukan su juye. Zaɓi haske ɗaya ka tsaya a kansa, ka rubuta wanda ka zaɓa. Fari ɗaya da duhu ɗaya su ne zagaye ɗaya. Ƙirga daga tsakiya zuwa gefe, ta ɓangaren da allon ya fi tsawo, inda layukan suka fi warwatsuwa.

Wane allo? Nan ne mataki na 1 ke dawowa. Na sama sun fi kyan karatu, manya ne, layukansu a fili, shi ya sa sabon shiga ke son su. Amma ƙannen baya ne, ba su ga shekarun farko ba. Na kusa da baki sun ga komai, sai dai ƙanana ne, layukansu a cushe. Mafita biyu ce. Ko dai ka jera sahun gaba ɗaya ka bi layi ɗaya daga allo zuwa allo har ƙasa, ko ka koma ga sassan da suke nan tun farko: alluna biyar da ke kewaye da dubura, waɗanda ƙwai ke fita ta hudojinsu, ko ɓarin muƙamuƙi, ko 'yan ƙasusuwa biyar masu kama da sanduna da ke kwance a saman fitilar Aristotal. Da allunan kewayen dubura ne wani mai bincike mai suna Moore ya yi aiki kan *Echinus esculentus* ta tekun Turai tun a 1935.

Wanda zai ƙirga kada ya san faɗin dabbar. Idan ya sani, idonsa zai nemo masa adadin da zuciyarsa ke tsammani. Mutum biyu su ƙirga daban, ko kai ɗaya sau biyu da tazarar mako. Inda aka saɓa da fiye da ɗaya ko biyu, a sake dubawa tare. Idan an kasa daidaitawa a ajiye samfurin gefe.

Yanzu kana da adadi. A rubuta shi “zagaye 9”, ba “shekara 9” ba. Duk abin da ya rage wa dabbar girma yana iya barin layin duhu: sanyi, yunwa, zubar da ƙwai, guguwa, rauni. Ƙarama mai saurin girma tana iya yin biyu a shekara ɗaya. Tsohuwa kuwa girmanta ya ragu har layukan shekaru da dama su haɗe su zama ɗaya a gefe. A 2000 masu bincike Russell da Meredith sun gwada wannan a kan koriyar bushiya, *Strongylocentrotus droebachiensis*: suka sa alama, suka jira shekara, suka duba. Ba kowace ce ta ƙara zagaye ɗaya ba, kuma hukuncinsu shi ne layukan ba abin dogaro ba ne wajen faɗin shekaru. A wasu ruwaye masu tsananin sanyi, inda damina da rani na abinci suka bambanta sarai, wasu masu bincike sun samu zagaye ɗaya a shekara. Abin da ya tabbata a wani wuri bai tabbata a naka ba sai ka gwada.

Akwai gwaji mai sauƙin kuɗi: ɗebo kaɗan kowane wata har shekara ta zagayo, ka duba launin da ke bakin gefen allo. Idan duhu yana bayyana a gefe sau ɗaya tak a shekara, a lokaci ɗaya ga mafi yawansu, ka samu hujja. Ga ƙanana da matsakaita kenan.

9. Sa alama da sinadari

Wannan shi ne zuciyar aikin. Tetirasaikilin da kalsin duk suna manne wa allin da jiki ke ginawa a daidai kwanakin da aka ba da su, su bar siririn layi a cikin ƙashi. Ido ba ya ganinsa, amma a ƙarƙashin fitila ta musamman na tetirasaikilin yana ƙyalli rawaya, na kalsin kore. Duk ƙashin da ke bayan layin, bayan ranar aka gina shi. Ka ga kenan kai ka rubuta kwanan wata a cikin dabbar da hannunka.

Ga tetirasaikilin, haɗin da aka saba shi ne giram 1 a mililita 100 na tataccen ruwan teku. Haɗa shi a ranar, ka rufe kwalbar daga haske. Juya dabbar baki sama, soka allura ta tattausar fatar gefen baki, ka karkata ta waje kaɗan don kada ta shiga fitilar Aristotal. Ƙanana ɗigo kaɗan ya ishe su, manya kuwa wajen mililita 1 zuwa 2. Waɗanda suka yi ƙanƙanta da allura, a yi musu wanka: a bar su kwana ɗaya cikin ruwan teku mai kalsin, da iska na shiga. Kalsin yana da tsami, sai an daidaita shi da hodar soda ta yin burodi ya dawo daidai da ruwan teku kafin ya taɓa dabba.

Kafin ka yi wa ɗaruruwa, yi wa goma. Riƙe su a tanki mako biyu ko uku kana ciyar da su, feɗe biyu ka tabbata layin ya kama. Ba abin da ya kai a jira shekara guda a dawo a tarar ba alama ciwo.

Yi wa kowane girma, daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma, kuma ka fi yawaita manyan, domin a kansu ne lissafi ya fi rauni. Yi aikin a inuwa, suna cikin ruwa, ka mayar da su daidai inda ka ɗauko su. Zaɓi wurin da ba sa yawan barinsa, kamar kwarmin dutse da ruwa ke kwanciya ko dutsen da yashi ya kewaye. Ɗauki lambobin wurin da GPS, ka kafa shaida a ƙasa.

Hattara: alamar waje, irin zare ko lamba da ake huda ƙoƙo a ɗaura, tana jawo rauni da ciwo, ta rage girman da kake son aunawa. Kejin ƙarfe ma yana sauya abincin da ke isa gare su. Sannan idan ana kamun bushiya don ci a wurin, sai da sanin hukuma za ka zuba maganin ƙwayoyin cuta a jikinsu.

Koma bayan shekara guda daidai, ba wata takwas ba, don kowane yanayi ya shiga lissafi. Tunda alamar a ciki take, ba za ka gane masu ita da ido ba. Kwashe na wurin za ka yi, ka wanke kamar mataki na 6, ka tace a ƙarƙashin fitila. Sa rai da yawa ba za su dawo ba.

10. Karanta alamar, ka yi lissafi

A ɗaki mai duhu, ɗauki ɓarin muƙamuƙi, cire haƙorin. Auna tsawonsa daga tsinin baki zuwa kafaɗar da ke ɗaya ƙarshen. Kunna fitila, sanye da tabarau, ka nemo layin kusa da kafaɗar, ka auna daga layi zuwa gefe. Wannan shi ne ƙarin shekara. Cire shi daga tsawon yanzu, ka samu tsawon ranar allura. A matsayin misali: muƙamuƙi milimita 18.0, ƙari 0.6, kenan bara yana 17.4.

Me ya sa muƙamuƙi ba ƙoƙo ba? Domin ƙashi ɗaya ne tilo mai girma ta inda aka sani, ba alluna da yawa da ake ta ƙara sababbi ba. Ba a amfani da haƙori, yana cinyewa ta gaba yana tsirowa ta baya. Don mayar da tsawon muƙamuƙi zuwa faɗin ƙoƙo, auna duka biyun a dabbobin wurinka ka fitar da dangantakarsu. Kada ka ari ta wani wuri: bushiyar da ke fama da yunwa muƙamuƙinta ya fi girma idan an kwatanta da jikinta.

Yanzu zana ƙarin shekara a kan tsawon farko, ɗigo ɗaya ga kowace dabba. Yawanci zanen yana hawa da farko, ya kai ƙololuwa a matasa, ya gangaro, sannan ya miƙe kusa da sifili ba tare da ya taɓa shi ba. Daga nan shekaru suna fitowa ta hanyar taka tsani: fara da mafi ƙanƙanta, ƙara mata abin da zanen ya ce masu girmanta na ƙarawa, ka samu girman baɗi, sake ƙarawa, ka samu na shekara mai bi, haka har ka kai girman da kake tambaya a kai. Yawan takun shi ne kiyasin shekaru.

Gargaɗi: ƙa'idar lissafin da ka zaɓa tana iya sauya amsar ninki-ba-ninki. Ta von Bertalanffy, wadda masu nazarin kifi suka saba da ita, tana ɗauka cewa jariri ne ya fi saurin girma kuma akwai iyakar da ake tsayawa. Bushiyar teku da yawa ba haka suke ba. Shi ya sa masanin bushiyar teku Thomas Ebert ya yi amfani da ƙa'idar Tanaka, wadda ta yarda da jinkirin farko, da saurin tsakiya, da doguwar jela marar ƙarewa. Gwada biyu ko uku, ka duba wadda ta fi bin ɗigoginka, musamman na manyan.

Idan layin ya manne da gefe har ba a iya auna tazara, kada ka jefar da samfurin. Rubuta shi a matsayin ƙari kusa da sifili. Zubar da irin waɗannan yana sa tsofaffi su zama matasa a takarda.

Da allon da ka gasa da wanda ba ka gasa ba na dabba ɗaya, yanzu za ka iya amsa tambayar mataki na 8: zagaye nawa aka ƙara bayan layin? Idan ɗaya ne a mafi yawansu, ƙirgenka ya zama shekaru, amma iya girman da ka gwada.

11. Ga tsofaffin gaske: kabon-14

Gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya a sararin sama, daga shekarun 1950 zuwa yarjejeniyar taƙaita su a 1963, sun ƙara yawan kabon-14 a iska, daga nan ya shiga teku ya shiga ƙashin dabbobi. Wato duniya ta yi wa duk mai rai a lokacin allurar alama ba da niyya ba. Ana kankare 'yan samfura a jere daga tsohon ɓangaren muƙamuƙi zuwa sabo, a aika a auna, a ga inda adadin ya fara hawa.

Da wannan ne Ebert da John Southon suka tabbatar a 2003 cewa jar bushiya tana haura shekara 100, bayan an daɗe ana ɗaukar ba ta wuce 7 zuwa 15. Manya-manyan da ake samu a ruwan Biritish Kolombiya ta Kanada, masu faɗin kusan santimita 19, an kiyasta suna iya kai 200. Abin lura shi ne kabon bai zo da sabon adadi ba, ya gaskata abin da allurar tetirasaikilin ta riga ta nuna ne.

Hanyar tana aiki ne kawai ga dabbar da ke raye tun kafin hawan, ko samfurin da aka adana da tabbataccen kwanan kamu. Tuntuɓi cibiyar gwajin kafin ka wanke komai, su faɗa maka nauyin da suke bukata da irin wankin da suka yarda da shi. Wanda aka jiƙa da mai ko zailin bai dace ba, kabon ɗinsu zai gurɓata sakamakon.

12. Rubuta sakamako, ka adana samfura

Ba da shekaru a matsayin tazara, “tsakanin 12 da 18”, tazarar kuma ta ƙara faɗi yayin da dabbar ke ƙara girma. Faɗi jinsi, wuri, zurfi, watan kamu, ɓangaren da ka karanta, irin hasken, da ko an tabbatar da layukan ko ba a tabbatar ba. Ƙara lokacin da ta yi kafin layin farko ya fito, wanda jadawalin mataki na 5 zai nuna maka.

Sauran muƙamuƙai da allunan da ba ka taɓa ba, zuba su a busassun ambulan masu lamba da fensir, ka sa a akwati mai rufi. Masu alama su zauna cikin duhu, domin haske yana dusar da ƙyallin, musamman na tetirasaikilin. Ɗauki hoton kowane layi tare da ma'auni a gefensa tun a ranar da ka fara ganinsa.